Kuskuren Tsoho

Saura ƙiris Sauda ta fasa rubuta wannan labari. Littafin da ta saya dominsa ya yi wata huɗu a ƙasan adakarta, har kyankyasai suka fara ɗanɗana gefensa. Karatunta a aji huɗu ya tsaya, kuma ita ba mai magana ba ce, ko gidan biki ta je bakin ƙofa take rakuɓewa. Amma har yau a Dakata akwai matan da ke ɗaura wani koren zane suna kiransa da sunan da bai dace da shi ba. Wannan ne ya sa ta ɗauki biro.

Mahaifinta, Malam Uwaisu, shi ne mai haɗa launi a wata masaƙa da ke Bompai. Asalinsa ɗan marina ne daga Kura, ya shigo birni da hannu shuɗi har farce. Shekara goma sha tara ya yi a sashen rini, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa dawo da yadi ɗaya ba saboda launi. Sai a miƙa masa ƙyalle, ya dube shi, ya faɗi abin da za a auna a zuba, a zuba, ya fito kamar an tsaga kara. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya duban launi sai da hantsi, a bakin taga. Cewa yake fitilar lantarki maƙaryaciya ce, rana kuma idan ta karkata ƙanwarta ce. Manajoji uku suka zo suka tafi, kowannensu ya yi faɗa a kan haka, kowannensu kuma ya haƙura ya jira hantsi.

Sunan mahaifiyarsa Sauda ta ci, shi ya sa ba ya faɗin sunan, sai dai ya ce Uwata. Tun da innarta ta rasu, shekara uku kafin wannan al'amari, girki da wanki suka dawo hannunta.

Wata Asabar da bazara, shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, ya dawo daga aiki tare da Habila, mataimakinsa, mutumin Kagoro, wanda shi ma a Dakata yake da zama. Suka jingine kekuna a zaure. Sauda ta kai musu ruwan randa ta koma bayan ƙyaure, tana jin su.

Wata sabuwar jami'a ce ta ba masaƙar aiki: yadin rigunan bikin yaye ɗalibai, da tutoci, da wanda za a buga wa tambarinta. Sun haɗo da wani ɗan littafin ƙa'idoji, kuma da yake Habila ne mai Turanci, shi manaja ya sa ya karanta.

"Shafi goma sha biyu, Malam, a kan tambari ɗaya!" in ji Habila. "Kada a ja shi tsawo. Kada a ja shi faɗi. Kada a kwantar da shi. Kada a ɗora shi a kan kowane launi sai fari ko korensu. Kada a rubuta komai kusa da shi, sai an bar masa fili ta kowane gefe."

"Ashe amarya suka aiko mana."

"Ai amarya ma ƙawaye na zama kusa da ita. Wannan ko ƙuda ba a yarda ya sauka ba."

Malam Uwaisu ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ce, "Bar ganin muna dariya, ɗan Kagoro, mutanen nan sun yi gaskiya. A Kura, tun daga bakin kasuwa ake nuna rinin gidanmu, ba sai an tambaya ba. Wanda bai tsare launinsa ba, wata rana 'ya'yansa ba za su gane ƙofar gidansu ba."

"To, su ma sun ce korensu ɗaya ne tak a duniya. Ku buɗe samfurin mana mu ga wannan koren da ya fi na Allah."

"Da yamman nan? Shekara nawa kana tare da ni? Litinin da hantsi."

Sauda ta ji wannan duka. Abin da ba ta gani ba shi ne hannun mahaifinta yana dafa aljihun ƙirjinsa. Ta ɗauka samfurin yana can masaƙa.

Ranar Lahadi ya yi sammakon zuwa suna Kura, ita kuma ta tara wanki. Farar rigar da yake zuwa aiki da ita ta fara ɗauka. Ta laluba aljihunan gefe, ta fitar da ɓarin goro da tsinken sakace, ba ta tuna da na ciki ba. Ta jiƙa ta da omo, ta cuɗa, ta shimfiɗa ta da kumfarta a rana kamar yadda innarta ta koya mata, sai da ranar ta dake ta sosai sannan ta ɗauraye ta tsoma a ruwan bula. Wajen matsewa ne ta ji wani ƙullutu a hannunta.

Ambulan ce ta zama dambu. A tsakiyarta ga wani koren ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, bayansa da wani jan dabbare na tawadar da ta narke. Cikin aljihun kuwa ya yi rawaya-rawaya.

Ta daɗe a tsugune, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta ɗaga ƙyallen ta duba. Kore ne. A idonta kore kore ne, ba abin da ya same shi. Ta wanke jan dabbaren har ya fita, ta shanya, ta zuba gawayi a dutsen guga ta goge shi sumul, ta datse zaren da ya tashi a gefe. Akwai tsofaffin ambulan na masaƙar cike da wata kwalla a ɗakinsa, duk iri ɗaya. Ta ɗauki wadda ta fi tsabta ta sa shi, ta mayar aljihun bayan ta goge rigar.

Ta yi niyyar faɗa masa, Allah ne shaida. Da ya dawo ta kai masa tuwo, ta durƙusa, har ta buɗe baki, sai ya hango rigar a rataye ya ce, "Kai, Uwata! Wannan riga kamar ba ta taɓa ganin Bompai ba. Allah ya yi miki albarka." Ta ce amin, ta haɗiye maganar tare da yawu.

Kwana uku ya yi a kan wannan kore. Ranar Laraba ya shigo gida yana fara'a.

"Koren 'yan boko taurin kai gare shi," ya ce yana wanke ƙafa. "Akwai wani shuɗi da ya laɓe a cikinsa, kamar ɓarawo a bayan ƙyaure. Sai a gwaji na bakwai na kamo shi. Yanzu ko wanda ya rina shi ya zo, ba zai raba nasa da nawa ba."

Hankalin Sauda ya kwanta. Ta ce a ranta, ashe da ta tayar masa da hankali a banza. Aka rina yadi dubu shida.

Bayan mako biyu, wata Alhamis, ta ji an jingine kekuna a zaure. Ta kai ruwa, ba wanda ya taɓa. Daga bakin Habila ta ji abin da ya faru, don shi ne ke ta maimaitawa kamar mai neman inda lissafi ya ɓace masa. Mutumin jami'a ya zo duba aiki. Ya fito da nasa samfurin daga jaka, ya ɗora a kan yadin a bakin taga, da hantsi kuwa, a gaban manaja da duk ma'aikatan sashen. Nasa kore ne shar, kamar ganyen dawa a tsakiyar damina. Na masaƙa ya ja shuɗi, kamar ruwan kududdufi. Ko masinja ya ga bambancin. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya dai buɗe ɗan littafin ya nuna shafin da yatsa, ya ce ba za su karɓi ko taku ɗaya ba.

"Ni ban yarda ba, Malam," in ji Habila. "Ina tsaye kuka haɗa. Ina namu samfurin?"

"Yana ciki, a kwalla. Tun da aka gama aikin na ajiye."

"To, gobe mu kai. Mutumin ya ce kowane samfur nasu akwai jan hatimi a bayansa. A duba hatimin, a ɗora a kan yadin. Idan sun yi daidai, su ne suka aiko mana da ba daidai ba. Ko ku ɗauko yanzu mu gani."

"Rana ta faɗi," in ji Malam Uwaisu, da wata murya da Sauda ba ta san shi da ita ba. "Da hantsi."

Jan hatimi. Sauda ta koma madafi. Gobe za su juya ƙyallen, ba za su ga komai ba. Za su ga gefen da ta datse. Manaja zai tambaya, mutumin jami'a zai tambaya, ƙarshe a ce a kirawo yarinyar, ta tsaya a gaban maza fiye da arba'in ta yi bayani. Nan tunaninta ya tsaya, bai ƙara taku ɗaya ba. Da ya ƙara, da ta gane cewa wannan ɗan ƙyalle shi kaɗai ne a duniya zai shaida idon mahaifinta bai yi ƙarya ba. Amma tsoro ba ya hangen nesa.

Da aka kira magariba mahaifinta ya fita masallaci, Habila ya tafi gida. Ta shiga ɗakin, ta buɗe kwallar, ta dawo ta tura ambulan ɗin ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ko hayaƙin kirki ƙyallen bai yi ba.

Da safe ya zazzage kwallar a tabarma. Ya kakkaɓe riguna, ya ɗaga katifa, ya leƙa har cikin takalma.

"Uwata, ba ki ga wata ambulan mai ƙyalle a ciki ba?"

"Ban gani ba, Baba."

Bai sake tambaya ba. Bai taɓa tambayarta abu sau biyu ba.

Masaƙa ta tura shi wajen likitan ido. Likita ya ce akwai 'yar yana da ta fara tasowa a idon hagu, irin ta kowane mai shekarunsa, ya rubuta masa tabarau. Wannan takarda ta ishi manaja. Aka sallame shi a ƙarshen wata da agogon bango da musafaha, aka ba Habila gurbinsa. Habila ya zo har gida yana hawaye, yana cewa shi bai nema ba. Malam Uwaisu ne ma ya koma yana ba shi haƙuri.

Yadin da aka riga aka buga wa tambari, an ƙone shi a bayan masaƙa a gaban mutumin jami'a, don haka ɗan littafin ya ce: tambarinsu ba ya shiga kasuwa a kan launin da ba nasu ba. Sauran kuwa aka karya shi ga 'yan Kantin Kwari. Yadi ne mai kyau, ga araha, kafin a ce haka ya cika gari. Mata kuma ba sa barin zane ba suna. Matar wani leburan masaƙa ta kai labari gidan biki, daga nan sunan ya kama: Kuskuren Tsoho. Sai ka ji mace a bakin famfo tana cewa, "Ke Kande, Kuskuren Tsohon nan naki bai koɗe ba?" a yi shewa. Yawancinsu ba su san wane tsoho ba ne. Sauda na nan a layi da bokitinta, kanta a ƙasa.

Shi da kansa ya je ya sayo yadi biyu, ya sa aka ɗinke baki, ya rataya a ƙofar ɗakinsa. Da ta dube shi sai ya ce, "Don in riƙa tunawa. Mutum ya daɗe ana yabonsa, sai ya manta aro aka ba shi."

Ya sami gadi a wani sito na fatu a Sharada. Kullum sai ya ratsa gari a keke, ya dawo yana warin jima. Ba talaucin ne ya fi cin Sauda ba. Abin da ya fi cin ta shi ne ranar da ya fito da huluna biyu ya tsaya a tsakar gida, tabarau a hanci, ya ce, "Uwata, wacce ce ta dace da rigar nan? Ni yanzu ba na yarda da kaina." Da sallah ta zo kuma, mutumin da tun tana goye shi ke zaɓa mata atamfa, masu kanti na binsa suna tambayar ra'ayinsa, sai ya ba ta kuɗi ya ce ta bi maƙwabta su zaɓa mata. Sau nawa ta ɗauko maganar har bakin harshe, ba ta san iyaka ba. Kowace rana da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, kamar jiƙaƙƙen bargo.

Haka aka ci shekara guda.

Wata Asabar bayan la'asar sai ga Habila da sallama. Ya rame, ya yi furfura a gefen kunne. Bayan gaisuwa ya zaro ambulan ya ajiye a tabarma.

"Mutanenmu na jami'a ne suka dawo, Malam. Koren nan dai. Bara sai da na yi gwaji ashirin da biyu, kuma da ƙyar suka karɓa suna yatsina. Bana manaja ya ce gwaji biyar ya yarda da shi, don sinadari ya yi tsada. Ku duba mini gobe da hantsi, ku faɗa mini ta inda zan fara."

"Ka zo wajen makaho tambayar hanya?"

"Haba, Malam! Makahon da ya koya mini aiki?"

"Ɗauke abinka, ɗan Kagoro. Na ɓata dubu shida, kana so in ƙara da naka? Matarka Esta da yara me za su ci?"

"Wallahi ko da ido ɗaya kun fi mu duka."

"Kai ma ka iya wallahi yanzu? To, ɗauke."

Habila ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Na manta shi a nan," ya ce. "Tsufa ne ya fara kama ni. Gobe bayan coci zan zo nema." Ya fice kafin a ba shi amsa.

Malam Uwaisu ya zauna yana kallon ambulan ɗin, hannuwansa a kan gwiwa, bai taɓa ta ba. Sauda ta ga yatsunsa suna motsi, suna murza iska kamar yadda yake murza yadi. Wannan ne ta kasa ɗauka. Ta fito daga madafi ta durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ki, Uwata."

Ta faɗa masa. Ta fara daga aljihun ciki, da omo, da rana, da bula, da dutsen guga, har zuwa ƙarƙashin tukunyar tuwo. Muryarta na katsewa tana ɗaurawa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Da ta gama ta sunkuyar da kai tana jiran duk abin da zai zo, mari ne ko tsinuwa.

Sai ta ji ya yi 'yar dariya, a hankali.

"Ke da Habila kuka shirya wannan?"

"Baba, ba wanda ya sani sai ni."

"Ke da ko ƙwai kika fasa sai kin kawo mini ɓawon? Ke ce za ki ƙone abu ki dube ni ki ce ba ki gani ba?" Ya girgiza kai. "Na san kina jin tausayina. Ina ganin ki. Amma ba a ɗaukar kayan da ba na mutum ba a ɗora wa kai. Likita ya duba. Wanda ya ba ni idon shi ya karɓi abinsa, ban kuwa yi jayayya ba."

"Wallahi, Baba, ni ce na..."

"Kul!" Ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta canza. "Kada ki rantse da Allah a kan ƙarya saboda ni. Wannan ya fi ƙarfin aikin masaƙa." Sai kuma ya sassauta, ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka. Samun 'ya irinki ya fi ido biyu. Tashi ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Ya ɗauki buta ya nufi zaure. Ta bi bayansa da kallo, ya ɗan duƙa, yana taka ƙasa a hankali kamar wanda bai yarda da ita ba. Shekara guda tana tsoron ranar da zai san ita ce. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa za ta faɗa ya ƙi karɓa ba. Ambulan ɗin Habila na nan inda aka bar ta. Ta ɗauke ta kai ɗakinta.

Washegari Lahadi, ba ya zuwa Sharada. Bayan sallar asuba ya koma ɗaki da carbinsa kamar kullum. Sauda ta buɗe ambulan ɗin, ta juya ƙyallen, ga jan hatimi a gefe ɗaya. Ta tuna shafi goma sha biyun nan, ta tuna Habila da Esta da yaransu, sannan ta sa almakashi ta raba shi biyu, ta mayar da ɓarin mai hatimi cikin ambulan. Ɗaya ɓarin ta tura a aljihun ciki na farar rigar nan, wadda ba a sake sa ta ba tun bara. Ta jiƙa da omo. Ta cuɗa. Ta shimfiɗa da kumfa a inda rana ke fara sauka, ta zauna a kan turmi tana gadinta, ba ta yarda ta gaggauta ba. Ta ɗauraye, ta tsoma a bula, ta matse. Ta hura gawayi ta goge ƙyallen har ya bushe.

Sannan ta je ƙofar ɗakinsa ta sa hannu ta cire labulen daga ƙusa. Ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ta ɗora ɓarin da bai ga ruwa ba a kai. Ya fito daban, kore shar. Ta ɗora wankakken a gefensa, ta ja da baya taku biyu, sai ta neme shi ta rasa. Sai da ta durƙusa ta shafa da hannu kafin ta gane inda ƙyalle ya ƙare, inda Kuskuren Tsoho ya fara.

Ta goge fuskarta da bakin zane. Ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi ba a gidan nan, har kajin maƙwabta suka watse.

"Baba, ku fito! Hantsi ya yi."